Baƙo a Kano: Inda Za Ka Kalli Wasa, Inda Za Ka Miƙe Ƙafa

Yawancin masu shigowa Kano kasuwa ce ke kawo su. Mutum ya sauka a tasha, ya faɗa Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau, ya ɗaure kayansa, ya juya. Wani jinya ce ta kawo shi asibitin Malam Aminu Kano, wani biki, wani taro. In ka tambaye su abin da suka gani a garin, sai su ce cunkoso da ƙura da 'yan adaidaita sahu. Alhali wanda ya ƙara kwana ɗaya ko biyu a kan abin da ya kawo shi zai iya hawa Dala da safe, ya kalli dambe ko ƙwallo da yamma, washegari ya fita bakin ruwa a Tiga, kuma duka ba za su ci masa kuɗin turmin atamfa mai kyau ba.

Sai dai Kano ba ta kafa wa baƙo allo. Ba za ka ga takardar jadawalin wasanni a masaukinka ba, sau da yawa ma ranar wasa kan canza ba tare da sanarwa ta iso gare ka ba. Abu biyu ne ke maye gurbin allon: sanin lokaci, da samun ɗan gari. Da ɗan gari kan ci gari, kuma a nan ɗan garin ba sai mai digiri a tarihi ba. Yaron shagon da kake sayayya a wajensa, ko direban da ya saba ɗaukarka, ya san ko ƙungiyar ƙwallo ta Kano Pillars na gida wannan makon, ya san ko gidan dambe na ci.

Lokaci kafin komai

Zafin rana da lokutan salla su ke tsara wasa a Kano. Duk abin da ke buƙatar jikinka ya motsa, yi shi daga bayan asuba zuwa ƙarfe tara. Duk abin da za ka zauna ka kalla, daga la'asar ne zuwa magariba. Abin da ke tsakani na inuwa ne: gidan tarihi na Gidan Makama, rumfunan kasuwar Kurmi, ko barcin rana.

A shekara kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi daɗin yawo. Safiya da sanyi, rana ba ta cizo sosai, sai dai hazo da bushewar leɓe, don haka ka riƙe man shafawa da abin rufe hanci, musamman in kana da asma. Maris zuwa Mayu bazara ce, zafi kan kai digiri 40 har ya wuce, kuma wanda ya ce zai hau dutse da azahar a watan Afrilu kansa ya cuta. Damina tana da nata kyau, gari ya yi sanyi, karkara ta yi kore, amma hadarin yamma kan tashi wasa ana tsaka da yi. In zuwanka ya faɗo cikin azumi, ka sani harkokin rana suna ja baya, matasa kan mayar da ƙwallonsu dare.

Safiya a kan Dala

Fara da Dala, domin daga samansa ne za ka fahimci shimfiɗar garin. Dutsen yana cikin tsohon birni, ƙololuwarsa ta kai mita 534 daga matakin teku, amma hawan kansa gajere ne: akwai matakala ta siminti mai hawa kimanin 100, mai matsakaicin ƙarfi zai gama ta cikin 'yan mintuna in ya huta sau ɗaya ko biyu. A nan tarihin Kano ya ce Barbushe ya zauna yana hidimar Tsumburbura, kuma masu tonon tarihi sun sami alamun narkar da tama a wurin tun wajen ƙarni na 7. Kana tsaye a sama za ka hango Gwauron Dutse daga yamma, ka hango hasumiyoyin babban masallacin Juma'a da Gidan Rumfa, fadar Sarki, ka ga yadda lungunan cikin gari suka cure wuri guda, sabbin unguwanni kuma suka bazu iya ganinka.

Ka je da wuri, rana na fitowa. Sa takalmi mai kama ƙasa, ba silifa ba, domin wasu matakan sun gutsure, saman kuma tsakuwa ce mai zamewa. Kada ka je kai kaɗai, kada kuma ka bari magariba ta same ka a can. Ƙwacen waya matsala ce da Kanawa da kansu ke kuka da ita, ba a Dala kaɗai ba. Yi sallama ga dattawan da ka tarar a gindin dutsen. Yara za su bi ka suna ba ka labarin wurin, rabinsa gaskiya rabinsa ƙari, kuma ɗan abin da ka ba su ba asara ba ne. Ka tuna gidajen mutane ne a ƙasa, tsakar gidajensu a buɗe suke ga wanda ke sama, don haka kyamararka ta nufi nesa.

Wanda ƙafarsa ba ta gaji ba sai ya ƙara da bin badala. An fara gina ganuwar Kano zamanin Sarki Gijimasu, wajen ƙarshen ƙarni na 11 zuwa farkon na 12, aka faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Gaskiyar magana, yawancinta ta tafi: ruwa ya ci, masu ɗibar ƙasa sun ci, masu gini sun cinye saura. Abin da ya rage ya fi fitowa ta titin tsohuwar Jami'ar Bayero, inda ƙofofi ke jere, Ɗan'agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Famfo, Dukawuya, har Kabuga, ɓangaren da sojojin Turawa suka shigo ta nan a 1903. Tafiya ce mai daɗi da sanyin safiya. Kada ka hau kan ganuwar don ɗaukar hoto; kowace ƙafa da ta taka ta tana rage mata kwana.

Masu gudu da motsa jiki sun fi taruwa a Filin Sukuwa da ke Nassarawa da kuma filin Mahaha a Ƙofar Na'isa, musamman safiyar Asabar da Lahadi. In ka zo da takalmin ƙwallo, tsaya a gefen fili ka yi sallama ka ce kana son shiga; da wuya a hana baƙo, sai dai a fara ajiye shi a baya a ga ƙafarsa.

Gidan dambe

In yamma ɗaya kawai gare ka a Kano, ni dai gidan dambe zan tura ka. Ƙwallo kana iya ganinta a ko'ina a duniya, har a wayarka. Dambe kuwa sai ka zauna a wurin, ƙurar fili ta taɓa ka, kalangu ya shiga ƙirjinka, sannan za ka gane abin da ke sa mutum ya rufe shago da la'asar ya tafi.

Fitaccen wurin shi ne Dandalin Ado Bayero a Sabon Gari. Ana sayen tikiti a ƙofa, kuma kujerun gaba sun fi tsada. Ka isa bayan sallar la'asar kaɗan. Wasan farko na yara ne da sabbin shiga, manyan 'yan wasa sai rana ta yi sanyi suke sa zare, saboda haka kada ka yanke wa wurin hukunci da abin da ka gani a rabin awar farko.

Ga abin da za ka sani don kada ka zama ɗan kallon da bai san inda aka dosa ba. Asalin dambe wasan mahauta ne, suna yin sa da kaka bayan an kawar da amfanin gona, suna bin garuruwa. Yanzu ya zama sana'a, kuma kowa na shiga. 'Yan wasa sun kasu ɓangarori, manyansu Kudu da Arewa da Guramada, kuma ɗan ɓangare ba ya karawa da ɗan ɓangarensa. Ɗan dambe yana naɗe hannu ɗaya da ƙyalle, ya bi shi da igiya ya ɗaure tamau. Da shi yake duka. Ɗaya hannun a buɗe yake, yana miƙa shi gaba yana karewa, yana auna tazara, yana ture fuskar abokin karawa. Ana yin turmi uku. Wanda aka buga ya faɗi, ko hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an yi kisa ke nan, wasa ya ƙare. In turmi uku suka cika ba wanda ya faɗi, sai a ce babu kisa, a raba su.

Sabon ɗan kallo yakan zuba ido a kan hannun da aka naɗe. Masana kallo ƙafa suke duba. Dubi yadda kowa ya buɗe ƙafafunsa ya durƙusa, inda ya ajiye nauyinsa, da yadda yake satar taku yana matsowa. Minti guda kan wuce ba a kai hannu ba, suna zagaya juna kawai, sai kuma a gama komai cikin ƙiftawar ido. Wanda ya sunkuya duba saƙo a waya a wannan lokacin sai dai ya ji ihu ya tambayi na kusa da shi wa ya faɗi.

Ka kuma kasa kunne ga sunaye, domin suna ɗauke da tarihin mai su. In ka ji Shagon wane, yaron wane ne, a hannunsa ya koya. Bahago mai dukan hagu ne. Akwai su Autan wane, da Dogon wane, da Garkuwan wane. Makaɗa kuwa ba ado ba ne a wurin. Kowane sanannen ɗan wasa yana da takensa, in aka kaɗa shi sai ka ga tsikar jikinsa ta tashi, ya fito tsakiyar fili yana kirari yana karkarwa, layu na lilo a damtsensa. Wannan alaƙa ta makaɗi da ɗan dambe tsohuwa ce. Ita ce ta sa har yau ana ambaton Shago, saboda waƙar da Ɗan Anace ya yi masa.

Ka canzo kuɗi ƙanana kafin ka shiga. Ɗan wasan da ya yi kisa zai zagayo wajen 'yan kallo, makaɗa ma za su zo, kuma in suka gane baƙo ne kai, ko suka ji sunanka, to ka shiga waƙa. Ba dole ba ne ka bayar, amma mutum ya zauna a kujerar gaba ya kalli yaro ya sha duka don nishaɗinsa, sannan ya kawar da kai lokacin kari, abin bai yi kyau ba. Raba kuɗinka gida biyu, na kyauta a aljihun gaba, sauran a ɓoye. In an ja ka caca a kan wanda zai yi kisa, ka ce kallo ka zo. In gardama ta tashi tsakanin magoya baya, kada ka sa baki. Hoto da bidiyo kuwa, tambayi masu gidan tukuna, domin yanzu akwai masu ɗauka suna sakawa a YouTube da Facebook, kuma wani lokaci da yarjejeniya a tsakaninsu. Kafin duhu ya yi sosai ka kama hanya, ka kuma shirya abin hawanka tun kafin ka shiga. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin tun 2013, saboda haka adaidaita sahu ce ko mota. Karɓi lambar direba ɗaya ya dawo ya ɗauke ka.

'Yar'uwa mai son kallo, gidan dambe wuri ne da maza suka cika. Ba a kafa dokar hana ki ba, amma ki je da muharrami ko cikin ayari, ki zauna ɓangaren kujeru.

Sai Masu Gida

Filin wasa na Sani Abacha yana Ƙofar Mata, kusa da tsofaffin karofin rini, yana ɗaukar mutum kimanin 16,000. Ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999, da na cin kofin Afirka a 2000, da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Nan ne gidan Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci gasar Najeriya a 2008, sannan ta jera uku, 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ta shafe shekara 12 ba a ci ta a gida ba a gasar ƙasa, sai a 2015 Nasarawa United ta karya wannan tarihi. Daga nan Ahmed Musa ya tafi Turai, nan kuma ya dawo. A nan Rabi'u Ali, wanda 'yan kallo ke kira Pele, ya yi suna. Ka riƙe waɗannan, za su buɗe maka hira da duk wanda ka zauna kusa da shi.

Wasannin gasa yawanci ƙarfe huɗu ake take su, galibi Lahadi, wani lokaci Laraba. Ka isa da awa guda ko fiye, ka yi la'asar a kusa, ka sayi tikiti a wurin sayarwa ba a hannun mai tare ka a hanya ba. In da hali, ɗauki ɓangaren rumfa. Ɗaya ɓangaren ya fi armashi da kiɗa, amma rana ce a kanka har a tashi. Launin ƙungiyar rawaya da kore ne. Kada ka sa rigar baƙi, ko da garinku ne suka zo, kuma in sun ci, yi murnarka a ciki.

Wannan shawara ba wasa ba ce. Son da Kanawa ke yi wa ƙungiyarsu shi ne ƙarfinta, shi ne kuma ya sha jawo mata tara da kora zuwa wasu garuruwa ta buga wasanninta na gida, saboda wasu 'yan kallo sun kasa haƙuri da alƙalin wasa ko da sakamako. Shi ya sa za ka tabbatar tukuna cewa a Kano za a buga wasan. In kuma ka ga ana dab da tashi, masu gida ba su ci ba, murya ta fara canzawa, to fita kafin busar ƙarshe. Ba abin da za ka rasa sai cunkoson ƙofa.

A harabar filin akwai rufaffen ɗakin wasa inda ake ƙwallon kwando, kuma Pillars ta kwando ma ta sha cin gasar ƙasa. Ga mai iyali, wannan kallon ya fi kwanciyar hankali.

Dawaki

Kano garin doki ne. A yankin Bompai akwai filin ƙwallon dawaki, inda ake gasa duk shekara, ƙungiyoyi su zo daga Kaduna, Katsina, Legas da sauran wurare. Kallonsa ba wuya: mutum huɗu-huɗu, kowane zango kimanin minti bakwai, ana canza doki tsakanin zango domin gudu ne ba ƙaƙƙautawa. Da hannun dama kaɗai ake riƙe sanda. Babbar doka ita ce ta layin ƙwallo: wanda ke bin hanyar da ƙwallo ta bi shi ke da hanya, ba a gitta masa, kuma yawancin busar da za ka ji a kan wannan ne. Kada ka tsaya dab da katakon gefen fili ko bayan raga, ka kuma riƙe hannun yaro. Filin ƙwallon lambu, wato golf, ma yana wannan yankin, amma na 'yan ƙungiya ne. Sai wani mamba ya shigar da kai.

Babban kallon doki dai Hawan Salla ne, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a Disamba 2024. Ranar Salla Sarki kan dawo daga Idi a kan doki. Washegari da yamma Hawan Daushe, wanda ya fi kowanne cika da ado: Sarki ya je Babban Ɗaki gaida mahaifiya, ya dawo Ƙofar Kudu, hakimai su yi ta zuwa jafi ayari-ayari, ga 'yan lifidi, ga 'yan sulke, ga 'yan bindiga suna ɓarin albarushi. Kashegari da safe Hawan Nassarawa, daga baya kuma Ɗorayi a Ƙaramar Salla ko Fanisau a Babba. Wanda ke son Daushe ya nemi wuri a Ƙofar Kudu tun azahar, in ya sami katin rumfa ya huta. A 'yan shekarun nan an sha dakatar da hawan saboda dalilan tsaro da taƙaddamar sarauta, don haka kada ka sayi tikitin jirgi domin hawa kaɗai sai ka ji sanarwa.

In kai kanka kake son hawa, akwai masu ba da hayar doki don kilisa. Hau a fili, mai dokin na riƙe da linzami har ka saba, ba a kan kwalta cikin motoci ba.

Yara, da fita bayan gari

Mai yara ya nufi Gidan Zoo, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Bako, yake kuma ɗauke da sunansa. Kada ka sa rai da yawa a kan dabbobin. Abin da wurin ya fi shi ne manyan bishiyoyi da inuwa da filin da yaro zai yi gudu a tsakiyar birni. Ranakun aiki da safe shiru ne. Kwanakin Salla kuwa ko allura ka jefa ba za ta kai ƙasa ba, kuma a irin ranar ne yara ke ɓacewa. Rubuta lambar wayarka a takarda ka sa wa kowane yaro a aljihu.

In kana da yini guda cur da mota mai lafiya, fita Tiga. Madatsar ruwa ce da aka gina tsakanin 1971 da 1974, ita ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura. Ana bin titin Zariya a ratse ta wajen Bagauda, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai. Ruwa ne shimfiɗe iya gani, ga duwatsu, ga masunta da kwale-kwalensu, ga kifi sabon kamu da za a gasa maka a wurin. Tafi da ruwan sha da tabarma da abincinka, domin ba a tanadi wurin don baƙi yadda ya kamata ba. Kada ka yi wanka: ruwan madatsa yana da zurfin da ba a gani daga baki, kuma ruwan kwance irin wannan na ɗauke da tsargiya. Kwale-kwale kuma, in babu rigar kariya, ko ka ga an cika shi, haƙura. A Nuwamba 2021 jirgin ruwa ya kife a Bagwai, mutane da dama suka rasu, akasarinsu yara 'yan makaranta, kuma lodi fiye da kima aka ɗora wa laifin.

Za ka ji ana ambaton dajin Falgore a kan hanyar Jos. Daji ne mai kyau, amma ya yi fama da matsalar tsaro, kuma ba wurin da baƙo zai ɗauki mota ya shiga da kansa ba ne. Sai da izinin hukuma da rakiyar ma'aikatan dajin, in ba haka ba ka tsaya a Tiga.

Ko ina ka je a bayan gari, ka juyo da la'asar sakaliya domin magariba ta same ka a cikin birni. In kuma Juma'a ce, kada ka tsara komai tsakanin sha biyu da uku: tituna da dama na rufewa saboda masallata, direbanka ma masallaci zai tafi.